UWARGIDA, YAUSHE RABONKI DA WANKE KASKON KAJI?

Yau wata 'yar magana na zo da ita, wadda na san wasu za su ce, "Haba Malama, duk abubuwan da suka dame mu a gidajenmu ba ki ga na magana ba sai ruwan kaji?" To, ku yi mini haƙuri ku saurara. Kafin ma ki ci gaba da karatu, ina roƙonki ki ajiye jaridar nan, ki zaga wajen akurki, ki leƙa abin da kajinki ke shan ruwa a ciki. In kin tarar da ruwa garau a inuwa, madalla, juya shafi, ba da ke nake ba. In kuwa kin tarar da shi kore shar, ko ya yi kauri da dusa da kashi, ko ma kaskon a bushe ƙayau, to dawo ki zauna mu yi magana, gama nawa ma haka ya kasance har sai da na yi hasara.

Ina da 'yan tsuntsaye a gida kamar yadda yawancinmu ke da su. A lokacin da nake ba ku labari kaji goma sha biyu ne da zakara, zabbi biyar, agwagi uku, da tattabaru waɗanda ban taɓa sanin iyakar yawansu ba. Ba don sha'awa nake kiwonsu ba. Albashin malamar firamare kowa ya san yadda yake. Da kuɗin ƙwai nake sayen sabulu da litattafan ƙanwata da ke zaune a hannuna, kuma na riga na ƙudurta a raina cewa 'yan tsakin shekarar da 'yan zabbi su ne za su biya mata kuɗin jarrabawar fita sakandare. Dukansu kuwa wuri ɗaya suke sha, watau wata tsohuwar tayar mota da aka tsaga biyu aka ajiye gefen rariya. In ruwan ya yi ƙasa sai a ƙara a kan na jiya. Ban iya tuna ranar da na taɓa kifar da ita ba, balle a yi zancen wankewa.

Da bazara ta kankama sai ƙwai ya fara ja da baya. Daga bakwai ko takwas a rana ya koma biyu, wata rana ma babu ko ɗaya. 'Yan tsaki tara da wata kaza ta ƙyanƙyashe suka fara takurewa, fukafukai a sake, suna kashi da jini, kafin mako ya zagayo saura biyu. 'Yan zabbi uku kuma a cikin tayar na tsince su, sun faɗa sun kasa fita. Me na yi? Abin da kowa ke yi. Na aika aka sayo mini kafso na farfasa a cikin wannan ruwa dai, na jefa barkono da ɓawon maɗaci. Kuma, Allah ya gafarta mini, har na fara zargin wata maƙwabciyata, dattijuwa, wadda ta taɓa shigowa ta ce, "Kai, Malama, kajin nan naki sun yi kyau!" Na ce ai bakinta ne. Kusan wata guda gaisuwarmu sama-sama.

Mahaifin wata ɗalibata malamin dabbobi ne, shi maigida ya roƙa ya shigo ya duba mana. Bai tambayi abin da nake ba su na ci ba, bai ko taɓa kaza ba. Sai ya ce, "Malama, ina suke shan ruwa?" Na nuna masa. Ya ɗauki kara ya motsa ruwan, wari ya taso. Ya ce, "Malama, in aka ce ki wanke hannunki a cikin nan, kya yarda?" Na yi shiru. Ya ce, "To, su sha suke yi." Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'yan aji huɗu tsabta, ina duba farcensu kowace Litinin!

Abin da nake so in jawo hankalinku a kai ke nan. Mu mata muna kashe kuɗi a kan dusa da tsaki, muna kashe kuɗi a kan magani, amma ruwa, wanda ya fi su duka araha kuma ya fi su duka muhimmanci, shi muka raina. A ganina rabin hasarar da muke ɗora wa baki, ko iska, ko rashin sa'a, a cikin kasko take kwance.

Bari mu yi ɗan lissafi, ku gafarce ni, sana'a ce ta bi jiki. Kaza takan sha ruwa kamar ninki biyu na nauyin abincin da ta ci. Kaza mai ƙwai, in babu zafi, tana bukatar kimanin rubu'in lita a rana. Ledar ruwan nan da muke saya rabin lita ce, watau kaji biyu ke nan. In zafi ya yi zafi kuwa, kaza ɗaya na iya shanye leda guda ita kaɗai. Dalili kuwa shi ne kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ya kai digiri 41, alhali namu 37 ne, ga kuma rigar gashi da ba ta da ikon tuɓewa. Babbar hanyarta ta rage zafi ita ce ta buɗe baki ta yi ta haki, kuma kowane haki ruwa ne ke fita daga jikinta. To ku dubi watan Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 har ya wuce. Ruwan da ya yini a rana cikin baƙar taya ya zama na shayi, kaza kuwa ba ta son ruwa mai ɗumi, sai ta ɗan tsoma baki ta bari. In ba ta sha ba, ba za ta ci ba. In ba ta ci ba, daga ina ƙwai zai fito? Abin da ke cikin ƙwai, farin da gwaiduwar, kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Kazar da ta yini ta kwana da ƙishirwa ba gobe za ta dawo da ƙwai ba, tana iya ɗaukar makonni. Yawan hakin nan ne ma ke sa ɓawon ƙwai ya yi rauni da bazara, ki ɗauka ya fashe miki a hannu.

Wannan zancen yawan ruwa ke nan. Amma wadda ta haɗa tsuntsaye iri-iri a tsakar gida ɗaya tana da wata matsala dabam, gama kowannensu da irin shansa, kuma kasko ɗaya ba zai yi musu duka ba.

Kaza tana da ladabi wajen sha. Ta ɗiba, ta ɗaga kai, ta haɗiye. Agwagwa fa? Ita sai ta cika baki da dusa ta ruga wajen ruwa ta tsoma, ta yi ta kurkurawa tana tacewa da bakinta. Sa'an nan ta nutsa kanta duka. In ta sami wuri ta shige da jikinta gaba ɗaya, ta yi wanka, ta yi kashi a ciki, ta fito tana kaɗa jela kamar ta yi abin kirki. Ki zuba ruwa garau da ƙarfe bakwai, ki dawo bakwai da kwata, kunu za ki tarar. Na daɗe ina jin haushin agwagi a kan wannan, amma gaskiya ba laifinsu ba ne. Haka aka halicce su. Agwagwa dole ne ta sami ruwa mai zurfin da zai shanye kanta, domin da shi take wanke ƙofofin hancinta da idanunta. In aka hana ta, hancin ya toshe, idanun su yi kwantsa. Kuma busasshen abinci na iya shaƙe ta in babu ruwa kusa. Laifin namu ne da muke tilasta wa kaza ta sha ruwan wankan agwagwa.

Tattabara kuma ita zuƙa take yi. Ta tsoma baki ta sha ba tare da ta ɗaga kai ba, don haka tana son zurfin da ya kai gaɓar yatsa. Akwai wani ciwo da ke kama tattabaru, wanda in kin buɗe bakin za ki ga wani abu rawaya-rawaya ya daskare a maƙogwaro. Ta ruwan sha yake yaɗuwa, kuma iyaye kan sa wa 'ya'yansu shi wajen ɗura musu abinci. 'Yan zabbi su ne abin tausayi. In an ƙyanƙyashe su ba su fi babban yatsa da kaɗan ba, ruwan da bai kai ya jiƙa ƙafar kaza ba sai ya kashe su, kuma ko ba su nutse ba, in suka jiƙe sanyi ya kama su shi ke nan. Masu talo-talo kuma sun san 'ya'yansa ba su da wayon neman ruwa, sai an kama kowanne an tsoma masa baki ya koya. Har wa yau akwai zancen fin ƙarfi. Zabbi da zakara ba su da kara, in wurin sha ɗaya ne sai su tsare shi, ƙananan da raunana su tsaya daga nesa suna kallo. Sai ki ga ruwa na nan a cike, amma akwai masu kwana da ƙishirwa.

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Gaskiya ne, sai dai ba a gaya mana abin da ƙadangaren ke bari a kaskon ba. Shi da ɓera duk suna ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa a kashinsu. Ga kurciya da sauran tsuntsayen daji da ke sauka su sha su tashi, ba ki san inda suka fito ba. Kasko buɗaɗɗe a tsakiyar fili kasuwa ce ta cuta, kowa ya kawo tasa ya ɗauki ta wani.

Wasunku za su tuna watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka ga wannan mugun nau'i a kajin Afirka. A cikin wannan wata dai aka same ta a Magariya ta ƙasar Nijar, a jikin agwagi. Ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2015, ta kuma dawo a 2021. Abin lura a nan shi ne agwagwa na iya ɗauke da wannan cuta tana yawonta lafiya lau, tana zubar da ita a kashi, ƙwayar cutar kuwa tana daɗewa a cikin ruwa, musamman lokacin sanyi. Kaza ta sha, ta mutu, agwagwa na tsaye. Haka nan annobar nan da ke share mana kaji da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, mai sa koren zawo da murɗewar wuya. Kaza ɗaya mai majina ta tsoma baki a kasko ta gama da sauran. Shi ya sa kazar da kika sayo a kasuwa, ko wadda aka kawo miki ta barka, bai kamata ta sha tare da naki ba sai ta yi mako biyu a ware da nata kwano.

Kashin jinin da ya kashe mini 'yan tsaki kuwa, malamin nan ya bayyana mini cewa a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke kewaye da tayar yake haihuwa. Ƙwan cutar yana fita a kashi, in ya sami danshi da ɗumi sai ya nuna cikin kwana ɗaya ko biyu, tsako ya zo ya tsattsaga ya haɗiye. Agwagina kuwa kullum sai sun mai da wurin taɓo. Ashe da hannuna na shirya wa cutar gona.

Kada wata ta ce Malama ta ce ruwa mai tsabta na maganin kowace cuta. Ban ce ba. Annobar hunturu rigakafi take so, kuma akwai shi, ana yin sa a nan ƙasar a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924. Amma kazar da ƙazamin ruwa ya riga ya raunana, ko rigakafin ba ya kama ta yadda ya kamata.

Akwai kuma abin da ya fi kaji. Wa ya fi kowa son kaskon kaji a gida? Yaro mai rarrafe. Ki juya baya ki ɗauko ludayi, ya isa wurin, ya tsoma hannu ya kai baki. Gobe a wayi gari da gudawa a ce haƙori ne. Ban da wannan, taya ba ta kifuwa sarai, kullum sai ta riƙe ruwa a lungunta, kuma sauro ba ya bukatar fiye da mako guda ko kwana goma ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo. Irin sauron da ke son tsofaffin tayoyi da gwangwanaye shi ne mai ɗauke da zazzaɓin shawara.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a gidan suna. Wata baba ta ce, "'Yar nan, kakanninmu sun yi kiwon kaji ba su wanke kasko ba, kuma ba su ƙare ba." Na ce haka ne, Baba. Amma kazar kakanninmu a ƙauye take, gida mai faɗi, bayan gida gona. Ta fita ta ci ɗanyen ganye da ƙwari da gara, ta sha raɓa, ta sha nan ta sha can. Tamu a birni tana kulle tsakanin bango huɗu, wani gidan ma an shafe shi da siminti, ba ta da ruwa sai wanda muka ba ta da wanda ke bin rariya, mai omo da gishiri da maiƙo. Sa'an nan mu faɗi gaskiya, su ma kakannin namu kaza kan ƙyanƙyashe goma a tsira da uku, sai dai an saba an ɗauka haka abin yake.

Magana ta biyu ta fi ƙarfi, watau tsadar ruwa. Wadda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ko 'yarta ke bin layin burtsatse tun asuba, in ka ce mata ta zubar da ruwan jiya ta zuba sabo, dole ta dube ka. Ni ma saya nake yi. Amma mu sake lissafi. Tsuntsaye ashirin lita biyar za su sha a rana, da bazara a ce goma. Jarka ɗaya mai lita 25 za ta kai su kwana biyar, ko biyu da rabi in ana zafi. A unguwarmu kuɗin ƙwai ɗaya ko biyu ya sayi jarka. Ni kuwa ƙwai biyar nake hasara kowace rana ina ganin tattali nake yi. Kuma asirin shi ne ki zuba daidai abin da za su shanye, ba ki cika baho ya kwana uku ba. Ɗan abin da ya rage ki kai gindin zogale ko gwanda, can inda ba su zuwa. Ƙasari kuma a ba su, suna so, amma a kwano dabam kuma a ranar, domin yana saurin tsami, ba ya kuwa maye gurbin ruwa.

To, ga yadda na gyara nawa, ba da wani kuɗi mai yawa ba. Na sami babban gwangwanin madarar gari, na huda shi da ƙusa wuri biyu kusa da baki, kamar gaɓar yatsa daga sama. Na cika shi da ruwa, na rufe da faranti mai ɗan zurfi, na juya shi da sauri ya koma a kife. Ruwa ya fito cikin farantin har ya rufe hudojin, ya tsaya cak. Suna sha iska na shiga, wani na saukowa. Sai dai ki tabbata gefen farantin ya fi hudojin tsawo, in ba haka ba duk zai tsiyaye. Na kai wannan aji na nuna wa yara, har wani ya ce tsafi ne. Ana sayar da irinsa na roba a kasuwa, wadda ke da hali ta saya, gama gwangwani yana tsatsa sai an riƙa sakewa. Na yi guda biyu, ɗaya gindin darbejiya, ɗaya bayan ɗakin girki, domin in zabbi sun tsare wannan sauran su tafi wancan. Kowanne na ɗora shi kan bulo, tsayinsa ya zo daidai bayan kaza, saboda kada su tona ƙasa su watsa ciki.

Agwagi na yi musu nasu can ƙarshen gida, inda ruwa ke fita waje. Tsohuwar jarkar man gyaɗa ce na wanke, na yanka mata taga a gefe, daidai yadda kai da wuya za su shiga amma jiki ba zai shiga ba. Na zuba tsakuwa a ƙarƙashi don kada wurin ya yi taɓo. Abincinsu ma can nake kai musu. Wanka kuwa sau biyu ko uku a mako nake ajiye musu baho, su yi sa'a guda suna shagali, in kifar. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai kazar da kan bar nata mai kyau ta je ta sha na agwagi, kaza ce. Amma da ɗaya ta sha wani lokaci da duka su sha kullum akwai bambanci. Tattabaru na ɗora musu nasu a sama kusa da tukwanensu. 'Yan tsaki da 'yan zabbi kuwa murfin kwano ne mara zurfi, a cika shi da 'yan duwatsu, su sha ta tsakankani, ko sun hau ba za su jiƙe ba.

Wanki shi ne uwa-uba. Kowace safiya a zubar, a sa toka da soso a goge, a ɗauraye. Sosonsu dabam, kada ya haɗu da na kwanukan abinci. In kin shafa cikin kwanon kin ji santsi, to wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma ɗauraya kawai ba ta fitar da shi, sai an dirje. Kaskon ƙasa yana da kyau ƙwarai da bazara don yana sanyaya ruwa kamar randa, amma yana shan datti, saboda haka ki sami biyu, yau wannan na aiki wancan na shan rana. In zafi ya tsananta a sake ruwa da azahar. Kuma don Allah kada a yi amfani da galan ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi, ko kwankon tsohon batir, komai wankin da aka yi masa. Ruwan wanke-wanke ma kada a ba su. Gishiri in ya yi yawa yana iya kashe tsako.

Dole in ce wani abu game da kafso, tun da ni ma na yi. Mun mai da shi al'ada, kaza ta yi tari a fasa kafso, kaza ta yi barci a fasa kafso. Kafso ba ya kashe ƙwayar murar tsuntsaye, ba ya kashe ta annobar hunturu. Ɗacinsa, da na maɗacin da muke haɗawa, kan sa marar lafiya ta ƙi ruwan a daidai lokacin da ta fi bukatarsa. Sa'an nan maganin na sauka a cikin ƙwai da nama, mu dafa wa 'ya'yanmu, kuma yawan ba da shi barkatai na koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, har ran da yaro zai kwanta a ba shi irinsa ya ƙi aiki. In kaji sun fara mutuwa biyu uku a rana, a kira malamin dabbobi, kada a yanka a ci, kada kuma a kwasa a kai kasuwa.

In kuma ya kawo miki rigakafin da ake sawa a ruwan sha, a nan ne kawai ruwan famfo ba shi da kyau, domin sinadarin da ake zuba masa na kashe ƙwayoyin cuta yana kashe rigakafin ma. Ruwan rijiya mai tsabta ake so, cikin kwanon roba wanda babu sauran sabulu a jikinsa, a inuwa. A hana su ruwa kamar sa'a ɗaya ko biyu da sassafe don su ji ƙishi, sa'an nan a ba su su shanye kafin sa'a biyu. A kuma kulle agwagi tukuna, in ba haka ba su za su yi wanka da shi.

Ku kuma 'yan matana 'yan makaranta, wannan aiki naku ne, da ku da 'yan'uwanku maza, kada su fake da cewa aikin mata ne. Minti goma ne kafin ki sa kayan makaranta. In kin gama ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa karin kumallo. Ga kuma aikin gida na ba ku: ki sami bayan tsohon littafinki, ki riƙa rubuta yawan ƙwan da aka ɗauka kowace rana, mako biyu kafin ki fara wanke kasko, da mako huɗu bayan kin fara. Ki nuna wa Inna lissafin, sa'an nan ki roƙe ta ta ba ki kaza ɗaya taki ta kanki ladan aiki. Maigida kuma, wanda in baƙonsa ya zo shi ne farkon cewa a kama zakara, ba laifi in an tuna masa kuɗin jarka ɗaya a mako.

Nawa ƙwan sai da ya yi mako uku kafin ya dawo shida a rana. Kuɗin jarrabawar ƙanwata kuwa adashi na ɗauka na biya, na yi wata biyar ina zubi. Maƙwabciyata na zuba ƙwai shida a kwano na kai mata, na gaya mata gaskiyar abin da na zarge ta da shi, na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ai 'yata, tun ranar da na shigo na ga tayar nan. Nauyinki na ji, na ce wa zai koya wa malama?" Tayar tana nan, na cika ta da ƙasa na shuka albasa mai lawashi a ciki, agwagin suka bi dare suka cinye.